Daminar da Albashi Ya Tsaya

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Kazaure ba. Marka ce sosai, irin wadda ba tsawa ba iska, sai yayyafi wuni guda, katanga ta jiƙe har ciki, ashana ta ƙi kamawa. Jiya da hantsi 'yata Asiya, wadda ke koyarwa a wata firamare a nan cikin gari, ta biyo ta gida ta fake. Tana zaune a kan tabarma tana latsa waya, sai na ji ta ja tsaki.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Baba, 'yan ajinmu ne na kwalejin horon malamai, kowa yana faɗin abin da ake ba shi a jiharsa. Takarda ɗaya muka fito da ita, amma wata tana ɗaukar abin da ya kusa ninka nawa, wata kuma ta ce rabonsu da ganin ko sisi tun kafin azumi."

"Ke naki ya shigo?"

"Ya shigo. Kafin sati ya zagayo ya ƙare."

Da ruwan ya ɗan tsagaita ta tafi, ni kuma na koma zaure ina kallon indararo yana zuba. A nan wata damina ta dawo mini, ta shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Lokacin ina sabon malami, ban fi shekara biyu da kama aiki ba, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Makarantar ɗakuna uku ce na ƙasa da rufin kwano, a ciki ake cusa aji shida. Mu ma malaman uku ne. Akwai ni, akwai Malam Lawan, tsarana, mutumin Roni mai yawan barkwanci, sai hedimastanmu Malam Garba. Shi mutumin Babura ne, dogo siriri, gemunsa ya fara fari. Ban taɓa ganinsa a makaranta ba babbar riga ba, ko da ta tsufa to a wanke take, a ninke da kyau. Rabin magidantan yankin sun bi ta hannunsa. Idan ya biyo hanya a kan kekensa, manya ma durƙusawa suke yi. Yana da wata al'ada, kafin ya yi magana a gaban yara sai ya yi gyaran murya sau biyu a jere, na biyun ya fi tsawo. Da an ji wannan, ko ƙuda ba ya motsi.

Ni da matata Zainabu muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da mai gari ya ba mu. Tana ɗauke da cikinta na fari.

A bazara albashi ya tsaya. Zafin shekarar ba a magana. Kwanon ajin yakan ɗauki rana har ka ji kanka yana sarawa, yara su yi ta gyangyaɗi, alli ya jiƙe a hannu saboda gumi. Rijiyar gari ta ja baya, mata sai sun jira ruwa ya taru kafin su samu rabin guga. Wata na farko ba mu damu ba, don an saba da jinkiri. Ƙarshen wata ya yi, Malam Garba ya hau keke ya tafi ofis. Da la'asar ya dawo, ya jingine keken a gindin darbejiya, ya cire hula ya share goshi.

Ya ce, "Sun ce bai sauko ba."

Haka ya faɗa a wata na biyu. A na uku ko tambayarsa ba mu yi ba, daga yadda ya sauko daga keken muka gane.

Ruwa ya faɗi da wuri a shekarar, mutane suka yi murna suka fita da sungumi suka yi shuka. Gero ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin da wani abu babu ko ɗigo. Kullum da yamma hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, a fito a zuba masa ido, iska ta zo ta watsa shi. Shukar ta ƙone a kan idonmu. Da ruwan ya dawo sai ya dawo da guguwa, ta yaye kwanon ɗakin tsakiya ta jefar da shi a bayan masallaci a lanƙwashe. Malam Garba ya rubuta takarda, ya sake rubuta wata, ba a taɓa amsa ko ɗaya ba. 'Yan aji uku da huɗu suka koma gindin darbejiya. Mutanen gari kuwa suka ɗebo abin da ya rage a rumbu suka sake shuka, hatsi ya yi tsada a kasuwa.

A gida, Zainabu ta fara rage hannu ba tare da ta ce mini komai ba. Da farko tuwo sau biyu ne, da ɗumame da safe. Ya koma sau ɗaya. Daga baya kunu ya zama abincin safe da na rana. Ta riƙa bin matan gari bayan gari suna yago tafasa da rama, ta dafa, ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli da gishiri. Har yau idan na ji warin tafasa a kan wuta, cikina yakan tuna kafin zuciyata. Tasoshin jerenta suka riƙa raguwa a bango ɗaya bayan ɗaya, ranar kasuwar Gwiwa. Ina gani, ina kawar da kai. Akwai wata tsohuwar Bafillatana, Inna Jumma, da rugarsu ke arewa da makaranta. Idan ta dawo daga tallan nono takan tsaya a ƙofar gidanmu ta juye wa Zainabu abin da ya rage a ƙwarya, ta ce ai ya yi kwantai. Ni kuwa na san bai yi ba.

Ana cikin haka Malam Lawan ya same ni bayan an tashi yara, da wasiƙa a hannu. Wani abokinsa ne da suka yi karatu tare ya rubuto daga wata jiha can kudu da mu.

Ya ce, "Sani, karanta ka gani. Su wata bai ƙarewa sai an biya su. Ga kuɗin gida, ga na zirga-zirga. Ajinsu har da tagar gilashi. Kuma suna neman malaman lissafi. Ba takarda ɗaya muke riƙe da ita ba? Ba ƙasa ɗaya ba ce?"

Na ce, "To yaran nan fa?"

Ya ce, "Nawa yaran fa? Jiya ƙaramar ta kwana tana kuka. Ka zo mu tafi."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba yanzu da na tsufa. Ba kishin makaranta ne ya tsayar da ni ba. Cikin Zainabu ya shiga wata bakwai, ba ta iya doguwar tafiya a bayan akori-kura, ni kuma ba ni da inda zan bar ta da abin da zan bar mata. Da na samu hanya da na bi shi. Ya je ya yi wa Malam Garba sallama, shi kuwa ya sa masa albarka, bai faɗi ko kalma ɗaya ta zargi ba. Muka rage mu biyu da aji shida.

Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar da mata cike da tsakar gidana. Zainabu ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi. Ungozomar gari ta ja ni inda aka kwantar da ita, ta buɗe mini idon Zainabu, fari fat.

Ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta cin abinci. Kai kana ci?"

Na ce, "Tare muke ci. Ko dai takan ce ta riga ta ci."

A nan na gane cewa makonni ke nan ina cin rabonta tare da nawa.

Na san akwai wani mai hali ta wajen Roni da ke ɗaukar 'yan ƙwadago, yana biya da gero, kuma lokacin maimai ne, wato noma na biyu. Amma a wancan zamanin malamin makaranta ba ƙaramin mutum ba ne a ƙauye. Shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ake ba tabarma a gaba ranar suna. A ce an gan shi a layin 'yan ƙwadago, abin ya fi ƙarfin tunanina. Don haka ranar Juma'a na ce wa Malam Garba gobe zan leƙa Kazaure in gaishe da iyayena.

Ya ce, "Ka gaishe su. Ni ma goben zan je wata ta'aziyya."

Bayan sallar asuba na sa wata tsohuwar taguwa, na kifa malfa har kan girata, na ɗauki fartanyar da na aro na kama hanya a ƙasa. An yi ruwa, raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Gonar ta yi nisa tsakanin duwatsu, inda nake ganin babu wanda ya san ni. Mun kai mu ashirin. Aka jera mu, kowa ya kama layinsa.

Na yi noma ina yaro, amma alli ya lalata ni. Kafin hantsi bayana ya riƙe. Rana ta fito bayan ruwa, irin wadda ke tayar da tururi daga ƙasa, ganyen gero yana yankan wuya, gumi yana shiga ido. Da kunu kaɗai na fito, idan na ɗago sai in ga gonar tana juyawa. Kowa ya wuce ni sai wani dattijo da ke can gefen hagu, ya naɗe fuskarsa da tsohon rawani har hanci. Ba shi da sauri, amma layinsa tas, ko ciyawa ɗaya ba ya bari. Na riƙa auna kaina da shi, ina cewa in dai tsohon nan bai zube ba, ni ma ba zan zube ba.

Wajen azahar aka kawo fura a manyan ƙore, muka taru a gindin wata tsamiya. Na zauna a baya na juya wa mutane ƙeya. Dattijon ya zo ya zauna nesa kaɗan, shi ma ya ba da baya. Ya sassauta rawanin zai sha, sai ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi tsawo.

Na juya, ya juyo. Ƙafafunsa duk laka, ga ƙwauri siriri kamar na yaro. Na rasa inda zan sa idona.

Shi ya fara magana. Ya ce, "Malam Sani, ashe Kazaure ta matso kusa haka?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ya aka ji da haƙuri?" ba.

Sai ya fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ni ma na kama, muka yi ta yi har hawaye, sauran 'yan ƙwadagon suna kallonmu kamar mun zautu. Da ta lafa ya goge ido da bakin rawani ya ce wannan ce Asabar ɗinsa ta huɗu. Mutum goma sha ɗaya ke ci a gidansa, har da marayun ƙaninsa.

Ya ce, "Sha furarka. Kuma ka daina ɗaga fartanya sama haka, ƙarfinka kake zubarwa. Ja za ka yi."

Da muka koma ya dawo layin da ke kusa da nawa. Muka ƙarasa wunin kafaɗa da kafaɗa.

Da yamma aka zo awo. Sauran ranakun wani ne ke sallamar mutane, ranar sai wakilin mai gonar ya zo da kansa. Yana zuba wa kowa geronsa a buhu, har ya iso kan Malam Garba. Ya ɗago ya dube shi, sai kwanon ya tsaya a hannunsa. Wakilin ya zube a ƙasa.

"Malam! Kai ne? Inna lillahi. Malam, ni ne Hamisu, ka koyar da ni a aji biyar."

Malam Garba ya ce, "Na gane ka tun ɗazu. Tashi ka auna mini abin da na yi aikinsa. Kar ka ƙara ko ƙwaya."

Ashe ya ɓoye kekensa a cikin wani kurmi tun da safe. Ni na tuƙa, shi yana baya rungume da buhunanmu biyu, muka shigo gari ana kiran magariba. Zainabu ta ci tuwo ta ƙoshi a ranar, ina zaune ina kallonta har ta suɗe hannu.

Hamisu bai iya riƙe bakinsa ba. Kafin ranar kasuwa labari ya zagaye ƙauyen. Na ɗauka za a yi mana dariya. Sai ga mai gari da liman da dattawa huɗu sun zo makaranta, suka zauna a kan bencin yara.

Mai gari ya ce, "Malam, ba ku kyauta mana ba. Ku tsallake gonakinmu ku tafi na wani? Mu ba mutane ba ne?"

Malam Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, ku ma shuka biyu kuka yi bana. Me za mu roƙa a wurinku?"

"Ba roƙo za ku yi ba."

Aka daɗe ana magana. Lokacin gero ya wuce, amma wake zai yi. Suka ba mu filin da ke bayan makaranta, aka kira gayya ranar Lahadi. Maza suka fito da garemani, mata suka kawo ruwa da ɗan abin da ya samu, kowane gida ya kawo tafin irin wake. Kafin la'asar an gama. Sannan Malam Garba ya kawo nasa tsarin. Dama a lokacin noma rabin yaran ba sa zuwa da safe, suna gona da iyayensu. Ya ce to mu ma da safe mu shiga gonakin gari mu yi aiki a ba mu abin da ya sauwaƙa, karatu kuma ya koma daga azahar zuwa yamma liƙis.

Haka muka yi har marka ta kama. Kwana da kwanaki ana zuba, ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa uku, Zainabu tana jera 'yan kwanonin da suka rage. Ɗakin makarantar da ba rufi ya sha ruwa har bangonsa na yamma ya zauna. Amma abin mamaki, ban taɓa ganin yara sun cika makarantar kamar a wannan lokaci ba. Har 'ya'yan ruga, da ba sa samun zuwa da safe saboda kiwo, suka riƙa zuwa. Mukan cusa su a ɗaki biyu, suna warin hayaƙi da jiƙaƙƙen kaya, ruwa yana dukan kwano, ni ina ɗaga murya a wannan ɗaki, shi yana ɗagawa a wancan.

Wata Talata da hantsi muna cire ciyawa a gonar liman, muka ji ƙarar babur. Jami'in duba makarantu ne. Ya tarar da makaranta a kulle, aka nuno masa inda muke. Ya tsaya a bakin gona da takalminsa sau-ciki yana kallon hedimasta da fartanya a kafaɗa.

Ya ce, "Malam Garba, ƙarfe goma na safe, ranar aiki?"

Malam Garba ya yi masa bayani tiryan-tiryan, ya ce ya jira azahar ya gani da idonsa. Mutumin ya jira. Ya ga yaran, ya duba littattafansu, ya ga bangon da ya faɗi. Da zai tafi ya ce a hankali, "Ni kaina man babur ɗin nan surukina ne ya zuba mini. Amma an aiko ni, dole in rubuta abin da na tarar. Babu wanda ya ba ku izinin canza lokaci."

Malam Garba ya ce, "Rubuta. Amma sunana kaɗai za ka sa. Ni na ba da umarni, yaron nan bi ya yi."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Na yi shiru. Wannan shirun ya daɗe yana damuna.

Zainabu ta haihu lokacin da aka fara gasa tumu, namiji, ƙarami amma lafiyayye. Na sa masa Abubakar, muna kiransa Garba. Wakenmu ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Bayan an yi girbi, lokacin da hatsi ya sauko kowa ya samu abin ci, sai ga albashi, na wata biyu daga cikin biyar. Sauran ban san inda ya maƙale ba har na bar aiki. Tare da shi aka miƙo wata takarda. An sauke Malam Garba daga hedimasta, an mai da shi malamin aji a wata makaranta can kusa da iyaka. Ni aka ce in riƙe makarantar. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ranar da zai tafi garin duka ya fito rakiya. Bai yi shekara biyu a can ba ya ajiye aiki.

Na sake haɗuwa da Malam Lawan bayan shekaru masu yawa, a wani ɗaurin aure a Roni. Ya yi ƙiba, yana da mota. Ya ce su ma daga baya an yi shekarar da aka riƙe musu nasu, har ya sayar da fili. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Makarantar tamu kuwa yanzu ginin bulo ce, da fenti da tuta. Na bi ta wajen bara, na leƙa ta taga, yara maƙil har ƙasa, malama ɗaya a tsaye tana ta fama.

Shekarar da aka ba ni babbar makaranta a cikin gari, na shirya na tafi Babura gaishe da Malam Garba. Na same shi a zaure a kan buzu, idonsa ya tafi gaba ɗaya. Na yi sallama na durƙusa, ban kai ga faɗin sunana ba ya ce, "Sani ne?" Na miƙa masa hannu biyu. Ya kama na daman, ya juya shi, ya riƙa bin tafin da babban yatsansa a hankali, daga gindin yatsu har wuyan hannu.

Ya ce, "Hannun nan ya yi laushi. Ashe ana biyanku."

Na ce, "Ana biya, Malam. Ba dai ya isa."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Bai saki hannun ba. Ya tambayi Zainabu, ya tambayi takwaransa, ya bi yaran ƙauyen ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da na iyayensu, wane ya ci gaba, wane ya tsaya, wace ta yi aure a ina. Waɗanda na manta shi ya tuna mini. Muna nan har aka kira la'asar. Ya dafa ni ya miƙe, na ja shi muka tafi masallaci.